Yadda Ake Yi wa Jama'a Bayanin Sauyin Yanayi Har Su Iya Maimaita Shi

Akwai gwaji guda da ke nuna ko bayanin sauyin yanayi ya shiga ko bai shiga ba. Bayan ka gama magana, a rediyo ne ko a aji ko a zauren taro, ka ɗauki mutum ɗaya cikin masu sauraro ka ce ya faɗa wa wanda bai halarta ba abin da ya ji. In ya iya kawo dalilin da ya sa duniya ke ƙara zafi, daga tushe har ƙarshe, to an yi aiki. In abin da ya rage masa kawai shi ne "sun ce duniya za ta lalace", an tsorata shi ne, ba a koya masa komai ba.

Ba ƙarancin hujja ke kawo cikas ba. Tun 1856 Eunice Foote ta gwada a Amurka ta ga iskar kabon dayoksaid ta fi iskar da muke shaƙa ɗaukar zafin rana. A 1859 John Tyndall ya auna yadda take riƙe zafi, a 1896 kuma Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya lissafa yadda ƙaruwarta za ta ɗumama duniya. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, wato IPCC, wanda aka kafa a 1988, ya faɗa a rahotonsa na 2021 cewa babu sauran shakka ayyukan ɗan Adam ne suka ɗumama iska da teku da ƙasa. Ilimin tsoho ne. Wajen kai shi kunnen jama'a ne kayan ke zubewa.

Fara da wanda ke gabanka

"Jama'a" ba mutum ɗaya ba ne. A 2009 masu bincike na Jami'ar Yale da ta George Mason sun kasa Amurkawa kashi shida game da wannan batu, tun daga waɗanda hankalinsu ya tashi ƙwarai har zuwa masu ƙaryatawa ɗungurungum. Masu ƙaryatawa sun fi kowa ɗaga murya, amma ba su ne mafi yawa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shirya jawabi kamar za a shiga muhawara da su, alhali yawancin waɗanda ke zaune sun yarda yanayi ya canza, sanadin ne ba su sani ba, ko kuwa ba su ga ta inda abin ya shafe su ba.

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka amsa tambaya uku. Me waɗannan mutane suka riga suka ɗauka shi ne sanadi? Wace shawara ce ke hannunsu: lokacin shuka ne, ko wurin gina gida, ko kasafin kuɗin hukuma, ko ƙuri'a? Maganar wa suke ji? Tambaya ta uku ta fi nauyi fiye da yadda masana ke so su yarda. Binciken wani masani mai suna Dan Kahan na 2012 ya nuna cewa a Amurka, inda batun ya zama alamar jam'iyya, waɗanda suka fi sanin kimiyya da lissafi sun fi rarrabuwa a kansa, ba su fi haɗa kai ba. Inda abu ya kai nan, ƙarin jadawali ba ya magani. Da ɗan gari akan ci gari: likita, malamin gona, shugaban addini, ko mai karanta hasashen yanayi a talabijin, wanda mutane suka saba da muryarsa, ya fi baƙon farfesa shiga. Sau da yawa aikin masani shi ne ya shirya wa irin waɗannan bayani ingantacce, ya koma gefe.

Sarƙar da dole ta cika

Kowane bayani, na minti biyu ne ko na awa guda, yana tsaye ne a kan sarƙa mai ƙulli biyar.

Na farko, rana na aiko haske, ƙasa da teku su ɗumama, sannan su mayar da zafin sama a wata siffa da ido ba ya gani. Na biyu, wasu iskoki a sararin sama, musamman tururin ruwa da kabon dayoksaid da metan (babban sinadarin iskar gas da ake ƙonawa), suna barin hasken rana ya shigo amma suna tare wani kaso na zafin da ke fita. Ba don su ba da matsakaicin zafin duniya ya tsaya wajen digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos, maimakon wajen 15 da muke ciki. Na uku, ƙona kwal da man fetur da iskar gas, da sare dazuzzuka da yin siminti, sun ƙara yawan kabon dayoksaid. Kafin zamanin masana'antu yana wajen kashi 280 cikin miliyan. Lokacin da Charles Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 ya kai wajen 315. Yanzu ya haura 420, wato ƙarin rabin abin da yake kafin masana'antu. Na huɗu, duniya ta ɗumama: tsakanin 2011 da 2020 matsakaicin zafi ya ɗara na 1850 zuwa 1900 da kusan digiri 1.1. Na biyar, zafin yana sauya tafiyar ruwa. Kowane ƙarin digiri ɗaya na sa iska ta iya ɗaukar ƙarin tururi wajen kashi 7 cikin ɗari, don haka ruwan sama in ya zo yakan zo da ƙarfi, ƙasa kuma in ta bushe takan bushe da sauri. Ƙanƙara na narkewa, ruwan teku na kumbura da zafi, har tsayin teku ya ƙaru da wajen santimita 20 daga 1901 zuwa 2018.

Ƙulli na biyu ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke riƙe da sauran. In ka tashi daga "muna ƙona mai" ka dira a kan "ana ambaliya", mai sauraro zai cike gurbin da abin da ke kansa. Yawanci ramin ozon ne zai cusa (ozon iska ce a can sama da ke tare wani ɓangaren hasken rana mai cutarwa), ya ce hayaƙi ya huda sama shi ya sa rana ke ƙuna. Matsala ce dabam: wasu sinadarai na firiji da gwangwanayen feshi ne suka ci ozon, kuma yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana su, ramin na kan warkewa. Ka raba su a fili da jimla ɗaya ko da ba wanda ya tambaya.

Tambayar da ke biyo baya ita ce, "Ta yaya aka san mu ne?" Ka riƙe amsa uku a aljihu. Taurarin ɗan Adam na auna ƙarfin rana tun 1978, kuma bai ƙaru ba a lokacin da duniya ke ɗumama. Da rana ce sanadi da sararin sama ya ɗumama sama da ƙasa, amma abin da aka auna shi ne ɓangaren ƙasa na zafi, na can sama na sanyi, alamar cewa ana tare zafi ne a ƙasa. Sannan duk duwatsu masu aman wuta na duniya ba sa fitar da fiye da wajen kashi 1 cikin ɗari na kabon dayoksaid da mutane ke fitarwa a shekara.

Kalmomin da ke yaudara

A nan ne mai bayani da Hausa ya kamata ya fi natsuwa, domin kalmomin da suka fi zuwa baki suna ɗauke da ma'anar da ba ita ake nufi ba.

Ɗauki "yanayi". Da ita muke kiran hadarin da ya taso yau da yamma, da ita kuma muke kiran ɗabi'ar wuri ta shekara da shekaru. Masana sun raba su: Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, WMO, tana ɗaukar matsakaicin shekara 30 kafin ta ce ga yanayin wuri kaza. In ba ka raba ba, ranar da aka tashi da sanyi wani zai ce, "Ina ɗumamar taku?" kuma a fahimtarsa yana da gaskiya. Ka ce "yanayin yau da gobe" da "yanayin dogon zango", ka tsaya a kansu har ƙarshen magana. Kwatancen da ke aiki shi ne na mutum: yadda ya tashi da safe, da fara'a ko da fushi, abu ne na ranar; halinsa kuwa sai an zauna da shi shekaru ake saninsa.

Sai "hayaƙi". Kalma ce mai daɗin faɗa, ana kuma jin ta a labarai kullum, amma tana nufin abin da ido ke gani, hanci ke ji, iska ke kwashewa. Kabon dayoksaid ba shi da launi, ba shi da wari, kuma wani kaso nasa na zama a sama ɗaruruwan shekaru. Wanda aka koya wa "hayaƙi" zai ɗauka wutar gas mai shuɗin harshe ba ta fitar da komai, kuma da zarar gari ya washe matsala ta wuce. Abin ban mamaki ma, wasu ƙwayoyin hayaƙin da ke fita daga kwal suna mayar da hasken rana sama, su ɗan sanyaya duniya, ko da yake suna lalata huhu. Ka kira iskar da sunanta sau ɗaya, ka siffanta ta ("iskar da ba a gani, mai riƙe zafi"), sannan ka ci gaba da wannan siffa.

"Rashin tabbas" ta fi su haɗari. A bakin masani tana nufin iyakar da amsa ke ciki. A kunnen mai sauraro tana nufin "su ma ba su sani ba". Maganinta shi ne a daina faɗin kalmar a faɗi iyakar. Misali: in kabon dayoksaid ya ninka na kafin masana'antu, ƙiyasin IPCC shi ne duniya ta ɗumama da wajen digiri 3, mafi yiwuwa tsakanin 2.5 da 4. Wannan ba jahilci ba ne, awo ne. Ka lura kuma da jeri. Masana sun saba fara rahoto da abin da ya rage a bincika. A gaban jama'a ka juya: abin da aka tabbatar ya zo farko, abin da ake kan aunawa ya biyo baya.

"Hasashe" ma na buƙatar gyara. Za a ce maka, "Ruwan jibi ma sun kasa faɗa, sai na 2050?" Ka ɗora tukunyar ruwa a kan wuta: ba wanda zai nuna maka inda kumfar farko za ta ɓullo, amma kowa ya san in wutar ta ɗore ruwan zai tafasa, kuma in an ƙara wuta zai fi sauri. Hasashen dogon zango magana ce mai sharaɗi, in aka ci gaba da ƙona kaza to ga inda za a kai. Kada ka yanke "in" ɗin don jimla ta yi gajarta, domin a cikinsa ne zaɓin mutane yake.

Lambobi

Lamba uku sun isa a bayanin minti biyar. Ka dunƙule su ("ya haura 420", ba 421.08 ba), kuma kowace ta zo da abin kwatanta ta.

Wadda ta fi wahala ita ce digiri 1.5, iyakar ɗumamar da ƙasashen duniya suka ce za su yi ƙoƙarin tsayawa a kai. Mutumin da ya san zafin safe da na azahar kan bambanta da digiri goma zai yi dariya. Abu uku ke gyara wannan. Lambar matsakaicin duniya ce baki ɗaya, har da teku da ya mamaye wajen kashi 71 cikin ɗari na doron ƙasa, mai jinkirin ɗumama. A kan tudu, inda mutane ke zaune, ƙarin ya riga ya kai wajen digiri 1.6 tsakanin 2011 da 2020. Na biyu, shekara dubu ashirin da suka wuce duniya ta fi yanzu sanyi da wajen digiri 5 zuwa 6 kacal, amma hakan ya isa ƙanƙara mai kaurin kilomita ta rufe Kanada da arewacin Turai. Na uku, kuma shi ya fi shiga, a mayar da digiri zuwa "sau nawa". A lissafin IPCC, tsananin zafin da a da ke zuwa sau ɗaya a shekara 50 yanzu yana zuwa kusan sau 5 a wannan tsawon lokaci. A digiri 1.5 kusan sau 9. A digiri 2 kusan sau 14. Wannan kowa na iya ƙirga shi da shekarun rayuwarsa.

Akwai tarkuna na lissafi da ke kama har ƙwararrun 'yan jarida. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, na auna ƙarin zafi daga matsakaicin 1951 zuwa 1980, IPCC kuma daga 1850 zuwa 1900, wasu cibiyoyi daga 1991 zuwa 2020. In ka jera lambobinsu ba ka faɗi mafarin kowace ba, sai ya zama kamar masana na musun juna. Ƙarin digiri 1.5 a Salshiyos daidai yake da ƙarin 2.7 a Farenhait. In ka zuba shi a manhajar juya ma'auni za ta ba ka 34.7, domin ta ɗauka zafin wuri kake nufi ba bambanci ba. Tan ɗaya na kabon kuma ba tan ɗaya na kabon dayoksaid ba ne, ana ninkawa da 3.67. Ka duba wanne rahoton ke nufi kafin ka kwafa.

"Ambaliyar shekara ɗari" ba ta nufin in ta zo bana an huta sai ƙarni mai zuwa. Tana nufin yiwuwar 1 cikin 100 a kowace shekara, wanda a tsawon shekara 30 ya taru ya kai wajen 1 cikin 4. Haka nan kalmomin IPCC na yiwuwa suna da lamba a bayansu: wadda ke nufin "mai yiwuwa" tana tsaye ne a kan kashi 66 zuwa sama, "mai yiwuwa ƙwarai" kashi 90 zuwa sama. Wani mai bincike, David Budescu, da abokan aikinsa sun gwada masu karatu suka ga da yawa na ɗaukar "mai yiwuwa ƙwarai" ƙasa da haka sosai, kuma rubuta lambar kusa da kalmar na rage kuskuren. Don haka ka ce "aƙalla tara cikin goma".

Game da 1.5 ɗin nan, a kiyaye abu biyu. Yarjejeniyar Faris ta 2015 ta ce a riƙe ɗumama ƙasa da digiri 2 sosai, a yi ƙoƙarin tsayawa a 1.5, kuma ana fahimtar hakan a matsayin matsakaicin shekaru masu yawa. Shekarar 2024, wadda WMO ta auna a wajen digiri 1.55, ita ce cikakkiyar shekara ta farko da ta haura layin, amma shekara ɗaya ba ta cika ma'aunin ba. Sannan 1.5 ba bakin rami ba ne da in an wuce shi komai ya ƙare. Gangara ce: 1.6 ya fi 1.7 sauƙi, 1.9 ya fi 2 sauƙi. An ga illar mantawa da wannan bayan rahoton IPCC na 2018, wanda ya ce sai an rage fitar da kabon dayoksaid da wajen kashi 45 cikin ɗari zuwa 2030, in aka kwatanta da 2010. Kanun labarai suka mayar da shi "saura shekara 12". Wa'adin da aka ƙaga irin wannan, ranar da ya cika duniya na nan, mai ƙaryatawa ne zai ci riba.

Kwatance, da inda kowanne ke karyewa

A Turance an saba kwatanta abin da gidan gilashin da ake renon tsiro. Ka bar shi. Mutane da yawa ba su taɓa shiga irinsa ba, kuma shi zafinsa na taruwa ne don an hana iska fita, ba irin aikin da kabon dayoksaid ke yi ba. Bargo ya fi: ba ya ƙirƙirar zafi, yana rage fitarsa ne, kuma ƙara kauri ƙara zafi. Zazzaɓi na da amfani wajen nuna girman digiri biyu, tunda kowa ya san bambancin jiki mai 37 da mai 39, sai dai ka faɗa cewa wannan zazzaɓi ba ya sauka da kansa cikin mako.

Wanda ba a iya yi ba tare da shi ba shi ne na tanki. Famfo na zuba ruwa, a gindi kuma akwai mafita ƙarama. Famfon shi ne abin da ake fitarwa kowace shekara, mafitar ita ce teku da dazuzzuka da ke shanye wajen rabi, ruwan da ya taru kuma shi ne ke ɗumama duniya. Rage famfo kaɗan ba ya sa ruwa ya sauka, yana rage saurin cika ne kawai. John Sterman ya gwada wannan a kan ɗaliban digiri na biyu a jami'ar MIT ta Amurka, mafi yawansu suka faɗi, don haka kada ka ɗauka abu ne mai sauƙi. Shekarar 2020 ta ba da misali a aikace: annobar korona ta rage abin da aka fitar da wajen kashi 5 cikin ɗari, amma awon Mauna Loa ya ci gaba da hawa. Da wannan tanki ne za ka bayyana dalilin da ya sa ake maganar kai abin da ake zubawa daidai da abin da ake kwashewa.

Ranar da bala'i ya auku

Lokacin ambaliya ko fari ko tsananin zafi ne kunnuwa suka fi buɗewa, kuma lokacin ne aka fi yin ɓarna. Tambayar "sauyin yanayi ne ya jawo?" ba ta da amsar i ko a'a. Tambayar da kimiyya ke iya amsawa ita ce, ya ƙara yiwuwar abin ko tsananinsa, kuma da nawa? Tun binciken 2004 kan zafin da ya addabi Turai a 2003, wanda ya gano ayyukan mutane sun aƙalla ninka yiwuwarsa, wannan fanni ya bunƙasa. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution kan fitar da sakamako cikin kwanaki ko makonni.

Amsoshin ba iri ɗaya ba ne, kuma dole bakinka ya bi su. Zafin da ya kai digiri 49.6 a garin Lytton na Kanada a Yunin 2021, ƙungiyar ta ce da wuya ƙwarai ya auku ba don ɗumamar duniya ba. Amma farin kudancin Madagaska na wannan shekara, wanda aka yi ta kira yunwar sauyin yanayi, binciken ƙungiyar ya nuna rawar ɗumama a cikinsa ƙarama ce; sauyawar damina ta asali da talauci ne suka fi nauyi. Ƙa'idar aiki ke nan: a kan tsananin zafi kana iya magana da ƙarfi, a kan mamakon ruwa da matsakaicin ƙarfi, a kan fari da guguwa ka jira bincike. Kafin ya fito ka ce, "Irin wannan ne ake sa ran zai yawaita, ko nawa ɗumama ta ƙara wa wannan na musamman, ana kan aunawa."

Ka kuma raba ruwan da ya sauko da ɓarnar da ya yi. Magudanar da ta toshe, gini a kan hanyar ruwa, rashin gargaɗi a kan lokaci, duk aikin mutane ne na kusa. Jingina komai ga sauyin yanayi na ba masu alhakin wurin fakewa, kuma in aka kama ka da zuzutawa sau ɗaya, sai bango ya tsage, duk gaskiyar da ka faɗa a baya ta shiga zargi.

Amsa ƙarya

Jerin da ya fi aiki shi ne: gaskiya, gargaɗi, ƙaryar sau ɗaya, dabarar da aka yi, gaskiya kuma. Kada ƙaryar ta zama kanun labari, ko da da alamar tambaya, domin masu karanta kanu kawai sun fi yawa. Ɗauki "ɗumama ta tsaya tun 1998". Ka fara da cewa kowane zangon shekara goma tun daga 1980 ya fi wanda ya gabace shi zafi. Sannan ka ce akwai maganar da ke yawo, ka faɗe ta. Sai ka buɗe dabarar: 1998 shekara ce da El Nino, ɗumamar tekun Fasifik da ke zuwa lokaci-lokaci, ya yi ƙarfi ƙwarai, kuma fara ƙirga daga kololuwa na sa duk abin da ya biyo baya ya yi kamar kwance. Buɗe dabara ya fi musu tsirara ɗorewa, domin wanda ya gane ta zai gane ta gobe a wata riga. Dabarun kuwa 'yan kaɗan ne: tsintar lambar da ta dace, ƙwararren bogi, neman tabbacin da ba ilimin da ke da shi, da zargin haɗin baki.

"Ai da ma yanayi na canzawa" gaskiya ce da aka yi wa mummunan amfani. Ka amince da ita, ka ƙara: kowane canji da sanadinsa, kuma nazarin na baya ne ya koya wa masana ƙarfin kabon dayoksaid. Gobarar daji daga tsawa ba ta wanke wanda aka gani da ashana.

Ga masu shirya muhawara: zaunar da masani ɗaya da mai ƙaryatawa ɗaya ba adalci ba ne, nuna wa jama'a ne cewa masana sun rabu biyu. Nazarin 2013 ya samu kashi 97 cikin ɗari na takardun binciken da suka bayyana matsayi sun yarda mutane ne sanadi, na 2021 ya samu sama da 99. A 2018 BBC ta sanar da ma'aikatanta cewa ba sa buƙatar mai ƙaryatawa don daidaita shiri. Muhawara ta gaskiya tana kan me za a yi, wa zai biya, da wane sauri. A nan ne ya dace a kawo ɓangarori.

Tsoro da mafita

Tsoro na jawo hankali, amma in ba a haɗa shi da abin yi ba, mutum kan kare kansa ta hanyar toshe kunne. Duk haɗarin da ka ambata ka biyo shi da matakin da ya yi daidai da girmansa, wanda kuma ke hannun mai sauraro. Gaya wa wanda ba shi da mota ya rage tuƙi ba'a ce. Ka raba rage fitar da iskar, wanda nauyinsa ya fi hawa kan manyan masu fitarwa, da shirin kare kai, kamar gargaɗin ambaliya, inuwa da ruwan sha lokacin zafi, da irin shuka mai jure fari. Labari mai daɗi ma akwai shi na gaske: IPCC ta ce daga 2010 zuwa 2019 tsadar lantarki daga hasken rana ta faɗi da kashi 85 cikin ɗari, ta iska da kashi 55. Metan kuma wajen shekara 12 kawai yake yi a sama, don haka toshe yoyon bututun gas na nuna amfani cikin rayuwar wanda ke sauraro.

Hoto kuwa, gani ya kori ji, amma a zaɓa. Farar dabbar nan ta can ƙuryar arewacin duniya, wato beyar, da ake yawan nunawa tsaye kan ɓallin ƙanƙara tana cewa matsalar ta wata duniya ce. Hoton mutane na gaske suna aiki ya fi. Jadawali ɗaya, saƙo ɗaya, kuma kansa ya faɗi abin da aka gano, ba sunan abin da aka auna ba. Zanen ratsi-ratsi da Ed Hawkins na Jami'ar Reading ya fitar a 2018, kowace shekara layi ɗaya daga shuɗi zuwa ja, ya yaɗu ne don ba ya buƙatar a iya karanta lamba.

Kafin ka saki bayanin, ka karanta shi da baki ga mutum uku zuwa biyar irin waɗanda ka nufa, ba abokan aiki ba. Kada ka tambaye su ko sun gane, kowa zai ce i don kunya. Ka ce su faɗa maka da bakinsu me ke sa duniya zafi, lamba ɗaya da suka riƙe, da abin da za a iya yi. Duk ƙullin da biyu cikinsu suka tsallake ko suka murɗa, ka sake rubuta shi da wani kwatance ka sake gwadawa da wasu mutane dabam. Daga nan ka ba masanin fannin ya duba lambobi, mafarin kowane awo, da duk "in" da mai yiwuwa ta faɗi wajen gajartawa.